ELO prog ce ko pop mai goge? Ga amsarka ƙanena

Ƙanena na Tawa, saƙonka ya iso ni nan Yamai. Tambayarka ita ce ƙungiyar nan ta Ingila, Electric Light Orchestra, wadda ake taƙaitawa ELO, shin tana cikin rok progresif, wanda ake ce ma prog a taƙaice, ko kuwa pop ce kawai da anka yi ma ado da goge. Ka ce gardama ta yi zafi a fadarku, abokinka shina cewa duk ƙungiyar da ta jera masu biyolon da biyolonsel, wato gogen Turawa ƙarami da babba, kuma ta yi faifai mai labari guda daga farko har ƙarshe to magana ta ƙare, prog ce, kai kuma kana cewa waƙar da ake sawa a talla da wurin biki ba ta zama prog. To ga abin da na tsaya a kai: daga 1971 zuwa 1974 ELO prog ce, ba ni da shakka, daga 1975 zuwa gaba kuwa pop ce, pop mai aiki ƙwarai da gaske, kuma da saninsu sunka koma can. In an ce dole sai na kira ta da suna guda, pop zan ce. Amma hujjar da abokinka ya kawo ba ta riƙe ba, taka ma ba ta riƙe ba, shi ya sa zan ja maganar, ka yi haƙuri ka aza shayi.

Mu fara da gogen, tunda shi ne ya ruɗi abokinka. In jera masu goge ke maida waƙa prog, to waƙoƙin fim ɗin Indiya da munka tashi muna ji a sinima duk prog ne, don wa ya kai su cika waƙa da biyolon? Ummu Kulsum ta Masar ma haka, bayanta cike da masu goge. Barry White na Amurka har ƙungiyar makaɗa sukutum gare shi ta kanshi, kuma kiɗan disko na shekarun 1970 kusan duk da goge ake ƙawata shi. Ba wanda ya taɓa kiran waɗannan prog. Kuma ka duba ta ɗaya gefen, abin ya fi fitowa fili. Ƙungiyar Yes, wadda ba mai gardama prog ce, a 1970 ta yi faifai mai suna Time and a Word da makaɗan goge da ƙaho na gaske, amma faifan da ya sa ake kiranta uwa a wanga fanni shi ne Close to the Edge na 1972, wanda mutum biyar ne kaɗai a cikinshi, gita, bas, bateri wato jerin ganguna, kilabiye mai maɓallai irin na piyano, da murya. Wato lokacin da sunka sallami masu gogen ne sunka fi zama prog. King Crimson ma faifansu na farko na 1969, wanda mutane da dama ke ɗauka shi ne mafarin abin baki ɗaya, ba ƙungiyar masu goge a ciki. Wannan sautin mai kama da goge ɗari da kake ji, na'ura ce mai suna Mellotron, kuma bari in tsaya kanta kaɗan don abin sha'awa ce. Kamar piyano take, amma ƙarƙashin kowane maɓalli akwai guntun zaren kaset da anka ɗauki sautin goge na gaske a kai, in ka danna zaren ya gudu, bayan kamar daƙiƙa 8 ya ƙare sautin ya ɗauke, sai ka ɗaga yatsa ya koma baya. Shi ya sa masu kaɗa ta ba su iya riƙe akor guda, wato sautuka da dama da ake danna tare, da daɗewa, dole yatsu su riƙa tafiya, kuma wannan ƴar rawar murya da sautin ke yi daga zaren take. A Birmingham ake ƙera ta, garin su ELO ɗin, kuma Mike Pinder na Moody Blues ya yi aiki a masana'antar kafin ya shahara.

To mi ne ne prog ɗin ke nan? Ni abin da nake gaya ma yaran da nake koya ma kilabiye shi ne, ka bar kallon kayan kiɗa, ka kalli ginin waƙar. Waƙar pop, kamar mafi yawan waƙoƙinmu, baiti ne da amshi, baiti da amshi, wataƙila ɗan canji a tsakiya don kunne ya huta, a koma amshi a rufe, minti uku ko huɗu. Wasu samari a Ingila daga wajen 1967 sunka ce wannan bai ishe su ba, suna son waƙar rok ta yi irin tafiyar da kiɗan su Beethoven ke yi, a ɗauko ɗan karin sauti guda a juya shi, a sauya mashi gudu, a sauya ƙidayar bugun, a bar shi a tafi wani wuri, sannan a dawo mashi ya zama wani abu dabam. Ka saurari waƙar Close to the Edge kanta, ta wuce minti 18, ta cinye fuska guda ta faifan garmaho mai fuska biyu. Da kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa take farawa, sai kiɗa ya ɓarke kamar kowa na gudun kanshi, sai an jima sosai kafin baitin farko ya shigo, can tsakiya komi ya lafa sai muryoyi da orgu, kuma orgun coci ne na gaske a Landan Rick Wakeman ya kaɗa, daga nan karin da ka ji tun farko ya dawo da wani ƙarfi da bai da shi a da. In ka cire wani yanki guda sauran ba ya tsayawa. Ƴan ƙungiyar Genesis a shekarar nan dai ta 1972 sun yi Supper's Ready, kusan minti 23, kashi bakwai, ɗaya daga ciki a ƙidayar tara.

Amma kar ka ce tsawo ne, don nan ma ana faɗawa rami. Shata na iya riƙe waƙa guda ya daɗe ƙwarai, kalangu na kan tafiya ɗaya ƴan amshi na kan amshi ɗaya, abin da ke sauyawa magana ce, kuma can ne gwanintar take. Fela ma waƙa guda na cinye fuskar faifai a kan kiɗa guda da ke zagayawa. Manyan ayyuka ne amma wata hanya ce dabam, ta zagaye, shi kuwa prog tafiya yake daga wani wuri zuwa wani wuri.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne kuma kuna iya yinshi a fadarku in akwai mai gita. Ka ɗauki waƙar, ka kore goge, ka kore mawaƙan bayan nan masu yawa, ka kore duk dabarun situdiyo, ka bar mutum guda da gita guda. In waƙar ta fito cif ba abin da ya ɓace sai ƙyalƙyali, to asalinta pop ce. In kuwa mai gitar ya tsaya ya ce ma wanga wuri ba ya yiwuwa don abin da ke faruwa a nan tsakanin kayan kiɗa ne, to ka shigo gonar prog. Ba ma'auni ne da ba ya kuskure ba amma ga ELO shina aiki sosai.

Yanzu mu bi su daga farko. A 1970 anka kafa ELO a Birmingham, Roy Wood da Jeff Lynne da mai bateri Bev Bevan, dukkansu daga wata ƙungiya mai suna The Move. Tunanin na Roy Wood ne tun asali, shina son ya ɗora daga inda Beatles sunka tsaya da sa goge cikin rok, amma ya zama masu gogen ƴan ƙungiya ne, suna hawa dandali da kowa, ba ƴan haya da ake kira situdiyo a sallama ba. Faifansu na farko ya fito ƙarshen 1971 a kamfanin Harvest, reshen da EMI ta buɗe a 1969 musamman don irin wanga kiɗa, can ma Pink Floyd suke. Ka ga ko a kasuwa wajen ƴan prog anka ajiye su. Ka saurari waƙar 10538 Overture ta cikin faifan da abin kunne mai kyau. Wannan gurnanin na ƙasa Roy Wood ne da wata biyolonsel mai araha ƙirar Sin da ya saya, bai ma daɗe da fara koyonta ba, ya yi ta ɗaukar kanshi sau da yawa ana jibga sautin bisa juna. Ba daɗi yake nema ba, kana jin gashin bakan na cizon tsirkiya, shina sassaƙarta kamar yadda mai gitar rok ke dukan gita, kuma in ka cire wannan gurnani rabin waƙar ya tafi. A cikin faifan akwai wani kiɗa a kan yaƙin Marston Moor na 1644, lokacin yaƙin basasar Ingila, magana ce a farko sannan goge da kayan busa, ba amshi ba komi, har Bev Bevan ya ƙi sa hannu a ciki. Wanda duk ya ji wanga faifai ya ce pop ne to bai ji shi ba.

Wahalar da sunka sha a dandali na sani a jikina don na riƙe sono shekaru. Goge ba ya da ƙarfin da zai yi gasa da bateri da amfuli na gita, in ka kusanto mashi da mikoro ka ƙara murya sai sono ya ɗau kuka, in ka rage sai ka ga mutum shina ta jan baka ba ka jin komi. Haka wasanninsu na 1972 sunka kasance, masu gogen ba su jin kansu ma balle jama'a. A shekarar nan Roy Wood ya fice ya kafa Wizzard, ragama ta koma hannun Jeff Lynne shi kaɗai, kuma duk abin da ya biyo baya daga nan ya samo tushe, don mutanen biyu ba abu guda suke nema ba. Wood mai son gwaji ne ko da zai yi muni, Lynne kuwa mai son karin waƙa ne wanda ke manne ma mutum a kai.

Duk da haka bai juya nan take ba. ELO 2 na 1973 waƙa biyar ce kacal a faifai sukutum, kuma Kuiama ta wuce minti 11, labarin soja ne da yarinya marainiya a yaƙin Biyetnam, da dogon wuri a tsakiya inda biyolon ke magana ita kaɗai. Wagga prog ce ta kowace fuska. Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne Roll Over Beethoven da ke cikin faifan, don ita mutane ke kawowa hujja kuma ni ita ce ban yarda da ita ba. Tsohuwar waƙar Chuck Berry ce, sunka manna mata mabuɗin simfoni na biyar na Beethoven, wato dogon kiɗan da ya rubuta ma babbar ƙungiyar makaɗa, a gaba suna dawo da shi jefi-jefi, ta kai wajen minti 8. Tana da daɗi, tana tada mutane tsaye, amma manni ne, abu biyu ne gefe da gefe, ba wanda ya sauya ɗan'uwanshi. On the Third Day, shi ma na 1973, fuskarshi ta farko waƙoƙin a ɗinke suke da juna da ƴan kaɗe-kaɗe a tsakani, kuma sun rufe faifan da wani sanannen kiɗa na Grieg ɗan Norwe. Har nan dai suna cikin gida.

Eldorado na 1974 shi ne inda gardamarku take zaune, kuma nan ne na fi tausaya ma abokinka don hujjarshi na da ƙarfi. A jikin faifan ma an rubuta simfoni ne. Labari guda ne, wani mutum da rayuwar yau da kullum ta gundure shi shina tserewa cikin mafarkai. Shina da mabuɗi da marufi, karin farko na dawowa a ƙarshe, kuma a karo na farko sunka ɗauko cikakkiyar ƙungiyar makaɗa da mawaƙa, da Louis Clark wanda ya taya su rubuta ma kowa nashi kuma ya jagorance su. Duk alamun prog sun cika a waje. To amma ka shiga ciki ka yi gwajin gitar nan a kan Can't Get It Out of My Head, za ka tarar da waƙa mai baiti da amshi, lafiyayya, wadda ba ta buƙatar kowa, kuma ita ce ta fara kai su cikin goma na sama a Amurka. Lynne da kanshi ya sha ba da labarin cewa mahaifinshi, mai son kiɗan gargajiyar Turai, ya ce mashi waƙoƙinshi ba su da kari, shi kuma ya ƙudura sai ya nuna mashi. Ni ina lissafa Eldorado cikin prog saboda yadda anka gina faifan baki ɗaya, amma shi ne na ƙarshe, kuma wani abin lura shi ne ranar da makaɗan sunka ƙaru ranar ce gogen ya fara komawa baya. Lokacin da biyolonsel biyu ne da biyolon guda, su ke jan waƙar. Da sunka zama jama'a guda sai sunka koma shimfiɗa a bayan murya.

Daga Face the Music na 1975 zuwa A New World Record na 1976, gogen ELO ya zama kamar aikin zare a wuyan babbar riga, aiki ne na gwani wanda ya ci lokaci da kuɗi, shi ke sa a juyo a kalle ka, amma yankan rigar da ɗinkinta irin na kowa ne, in ka warware zaren riga na nan ana sa ta. Evil Woman, Livin' Thing, Telephone Line, duk haka suke. Na taɓa sa wani ɗalibina ya kaɗa Telephone Line da gita kaɗai, yaro ne da bai daɗe da iya riƙe akor ba, kuma wallahi waƙar ta fito da duk baƙin cikinta, mutum shina kiran waya ba a ɗauka, amshin nan irin na samarin Amurka na shekarun 1950 ya zauna daram. Abin da ya ɓace kawai ƙarar wayar nan ta farko, wadda da na'urar Moog sunka kwaikwayi irin ringin na Amurka, da kumburin gogen. Ka gwada haka da Supper's Ready ka gani ko yaron zai kai ko'ina.

Na san abokinka zai ce to Out of the Blue fa, na 1977, faifai biyu a kwali guda, wanda fuska ta uku sukutum anka sa mata suna Concerto for a Rainy Day? E, waƙa huɗu ne a kan ruwan sama da yanayi, an haɗa su da ƙarar ruwa da tsawa. Amma waƙa huɗu ne, kowace da ƙafafunta, shi ya sa anka iya zare ta ƙarshen, Mr. Blue Sky, anka sayar da ita ita kaɗai kuma har yau ita ce duniya ta fi sani, mafi yawan masu jinta ba su ma san tana da ƴan'uwa uku ba. Ka buga cinya ka ƙirga, ɗaya biyu uku huɗu, ɗaya biyu uku huɗu, bugu guda kamar ana daka, har da ƙarar ƙarfen nan da ke ciki wadda tukunyar kashe gobara ce anka buga. Sai a minti na ƙarshe ne kiɗan ya sauya, mawaƙa da goge sunka ɗauka, gudun ya ragu, sannan wata murya ta na'ura ta ce ma ka juya faifan, don nan ne ƙarshen fuskar. Wannan minti gudan ƙamshin prog ne, na yarda, kuma shina da kyau ƙwarai. Amma Lynne ya rubuta kusan duk faifan cikin ƴan makonni a wani gida kan duwatsun Suwizalan, sunka ɗauke shi a situdiyon Musicland a Munik ta Jamus, kuma abin da ya je nema can waƙoƙi ne da za su shiga rediyo, ya kuwa samu. A 1979 da Discovery sun shiga disko kai tsaye, kuma waƙarsu da ta fi kowace hawa sama a Amurka, Don't Bring Me Down, ba goge ko ɗaya a cikinta. Daga nan ma sunka sallami masu gogen daga zama ƴan ƙungiya na dindindin. Time na 1981 ya dawo da labari guda, mutum ne da anka kai shi shekara ta 2095 shina kewar gida, galibi da na'urori a madadin goge, ina son faifan sosai, amma labari guda ba ya sauya ginin waƙa, ƙananan waƙoƙin pop ne a jere.

Akwai ƙorafi guda da ya fi duk waɗannan nauyi kuma ba zan ɓoye ma shi ba. Za a ce ai Genesis ma sun koma pop a shekarun 1980, Yes ma a 1983 sun yi Owner of a Lonely Heart wadda ta kai lamba ɗaya a Amurka, mi ya sa su ba a ƙwace masu sunan ba? Kuma Moody Blues da Days of Future Passed na 1967, waƙoƙi ne masu sauƙi da makaɗa ke haɗawa a tsakani, amma ana lissafa su cikin waɗanda sunka share hanya. Gaskiya ne iyakar ba a miƙe take ba, akwai ƙungiyoyi da dama a bakin layi, su Supertramp da Alan Parsons Project, shi ya sa wasu ke cewa pop progresif kuma ban ƙi wannan suna ga ELO ba. Amma ni amsata ita ce suna na bin inda ƙungiya ta yi aikinta mafi girma. In ka share duk abin da Yes da Genesis sunka yi bayan 1980, matsayinsu a tarihin kiɗa na nan. In ka share abin da ELO ta yi bayan 1974, abin da zai rage ƙaramar ƙungiyar prog ce mai ban sha'awa wadda masana kaɗai za su tuna, don in gaskiya za a faɗa Kuiama ba ta kai Close to the Edge ba, ko kusa. Inda Jeff Lynne ya fi kusan kowa a zamaninshi shi ne waƙar minti huɗu. Moody Blues kuwa darajarsu ta zuwa da wuri ce, a 1967 abin sabo ne, a 1977 ba sabo ba ne.

Yanzu kai kuma ƙanena. Ka ce waƙar da ake sawa a talla da biki ba ta zama prog. Wannan ba daidai ba ne. The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, 1973, shina cikin faifan da anka fi saye a tarihin duniya, kuma Money da ke cikinshi a ƙidayar bakwai take, ka ƙirga bas ɗin za ka ji ƙafa guda ta ɓace, sai wajen da gita ke solo ne suke komawa huɗu, amma ta shiga rediyo ta zauna. Thick as a Brick na Jethro Tull, waƙa guda ce da ta wuce minti 40 ta cinye fuska biyu, faifan ya kai lamba ɗaya a Amurka a 1972. Farin jini ba ya fitar da waƙa daga prog. Abin da ya fi damuna a maganarka da ta abokinka shi ne ku biyun kun ɗauka prog girma ne pop kuma raini, shi shina son ya ɗaga ELO kai kana son ka sauke ta. Ni da na zauna na rubuta akor ɗin waƙoƙin Lynne ɗaya bayan ɗaya don koyarwa ina gaya ma aikin da ke ciki ba wasa ba ne, yadda yake zamewa daga akor mai haske zuwa mai duhu a wurin da ba ka zata ba, yadda bas ke sauka mataki-mataki a ƙarƙashin murya, yadda yake jibga muryarshi sau da yawa har ta zama kamar taron mutane, kuma duk wannan mai saurare ba ya jin wahala ko kaɗan, shina ta amshi abinshi. Ƴan prog da yawa sun so su iya haka ba su iya ba. A 2017 rana guda anka shigar da ELO da Yes cikin zauren girmamawa na rok a Amurka, kowa da abin da ya kawo.

Kuma abin ya shafe mu nan gida, shi ya sa ban ɗauki tambayarka wasa ba. Ƙungiyar Tal National ta nan Yamai, in Bature ya ji yadda gitocinsu ke sarƙewa, kiɗa ya karye ya sauya gudu ba gargaɗi, sai ya ce prog, don abin da kunnenshi ya sani ke nan. Mu kuwa mun san inda sunka ɗauko, kiɗan Zabarmawa ne da na Hausawa da Fulani da Buzaye, bugu uku a kan biyu da Bature ke zama ya ƙirga mu da shi ake rawa a biki. Mdou Moctar, mai gitar nan ɗan jiharku ta Tawa, a faifanshi Afrique Victime na 2021 waƙar da ke ɗauke da sunan faifan ta wuce minti 7, tana farawa a hankali tana ƙara gudu har gita ta ɓarke, amma tushenta kiɗan Buzaye ne mai zagayawa da zafin gitar rok a kai. In munka saba da cewa duk abin da ke da wuya ko tsawo ko kayan kiɗa da yawa prog ne, to za mu riƙa ba namu sunan wasu, mu kasa faɗin abin da suke yi na ainihi.

In kun koma fada kar ku fara da gardama, ku sa 10538 Overture da Kuiama, sannan Close to the Edge don ku ji ma'aunin, sannan Eldorado daga farko har ƙarshe ba tsallake, ku rufe da Telephone Line. A kowace ku tambayi kanku mi gogen ke yi a nan, shi ke jan waƙar ko bin murya yake, kuma amshin sau nawa ya dawo ba tare da ya sauya ba. Ku nemi ELO 2 na asali mai waƙa biyar, don a tarin zaɓaɓɓun waƙoƙinsu da ke yawo a wayoyi galibi guntuwar Roll Over Beethoven ce ake sawa, Kuiama kuwa ba kasafai ake sa ta ba. Ka gaida mutanen gida da abokin naka.